Karatun Sadarwa a Wurin Aiki ta Intanet: Abin da Yake Koyarwa da Giɓin da Ya Bar wa Masana Harshe

Gabatarwa

Kundin sake fasalin ƙasa da aka ƙaddamar a Yamai cikin watan Maris na shekarar 2025 ya sanya Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma ambaci Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Mafi yawan muhawarar da ta biyo baya ta tsaya ne a kan rabin farko na wannan magana. Rabi na biyu kuwa yana ɗauke da tambayar da ta shafi ɗalibin kimiyyar harshe kai tsaye: mene ne harshen aiki? Shin harshen da ake rubuta takardar umurni da shi ne, ko kuwa harshen da shugaban sashe yake yi wa na ƙasa da shi bayanin takardar, har aikin ya gudana?

Akwai fannin ilimi da ya ɗauki irin wannan tambaya a matsayin sana'arsa, wato nazarin sadarwa a wurin aiki da cikin ƙungiyoyi. A yau jami'o'i da yawa na Amurka da Kanada da Turai suna koyar da shi a matakin digiri na biyu ta hanyar intanet, kuma waɗanda suke nema su ne ma'aikatan da ba za su iya barin aikinsu su koma aji ba. Tallar irin wannan karatu tana isowa wayoyin ma'aikatanmu a Maraɗi da Damagaram da Tawa kamar yadda take isa ko'ina. Wannan maƙala za ta bayyana asalin fannin, da yadda ake koyar da shi daga nesa, da kuma abin da manhajojinsa ba su cika gani ba, wato wurin aikin da ake rubutu da wani harshe ana magana da wani.

Abin da fannin yake nazarta

Sau da yawa akan rikita wannan fanni da aikin jarida ko talla ko hulɗa da jama'a. Waɗancan sun fi duban saƙon da ma'aikata take aikawa waje. Shi kuwa wannan ya fi duban cikin gida: yadda umurni yake sauka daga sama, yadda koke yake hawa daga ƙasa ko kuma ya maƙale a hanya, yadda ake gudanar da taro da yanke shawara, yadda sabon ma'aikaci yake koyon abin da ba a rubuta a ko'ina ba, da yadda jita-jita take riga takardar hukuma isa kunnen mutane. Ƙungiya a nan ta haɗa da kamfani da asibiti da makaranta da ofishin magajin gari da ƙungiyar manoma.

Tun 1973 Henry Mintzberg, wanda ya zauna yana kallon yadda shugabannin manyan ma'aikatu biyar suke tafiyar da yininsu, ya nuna cewa mafi yawan lokacinsu a magana yake ƙarewa: taro, waya, da ganawa a tsaitsaye. Ke nan wanda yake nazarin maganar da ake yi a wurin aiki, babban kaso na aikin kansa yake nazarta.

Taƙaitaccen tarihi

A shekarar 1916 Henri Fayol, injiniyan Faransa da ya shugabanci wani kamfanin haƙar ma'adinai, ya fasalta ma'aikata kamar tsani: saƙo yana bin matakai ɗaya bayan ɗaya. Shi da kansa ya lura cewa idan ma'aikata biyu na sassa dabam-dabam za su jira saƙo ya hau har ƙololuwa sannan ya sauko, aiki zai mutu a hanya. Saboda haka ya yarda a shimfiɗa musu ƴar gada su yi magana kai tsaye, muddin shugabanninsu sun sani. Duk wanda ya taɓa bin takarda daga ofis zuwa ofis a ƙasar da ta gaji tsarin mulkin Faransa ya san wannan tsani.

Tsakanin 1924 da 1932 an gudanar da jerin bincike a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric kusa da Shikago. An fara da gwada tasirin hasken fitila a kan yawan abin da ma'aikata suke ƙerawa, aka ƙare da gano cewa ma'aikata suna da nasu ƙa'idojin zaman tare, har da iyakar aikin da ya kamata mutum ya yi don kada ya tona asirin abokansa. Masana na baya sun soki hanyoyin wannan bincike, amma ya kafa ra'ayin cewa a ƙarƙashin kowane tsari na takarda akwai wani tsarin na baka.

A 1938 Chester Barnard, shugaban wani kamfanin tarho a jihar New Jersey, ya kawo abin da har yau ya fi dacewa da halinmu. A ganinsa, ikon umurni yana hannun wanda aka umurta, domin sai ya karɓa umurnin yake zama umurni. Ya lissafa sharuɗɗa huɗu: ya fahimci saƙon, ya ga bai saɓa wa manufar ma'aikatar ba, ya ga bai ci karo da maslaharsa ba, kuma yana da ƙarfin aiwatarwa. A lura cewa fahimta ce sharaɗin farko.

Bayan yaƙin duniya na biyu, zanen Claude Shannon na 1948 ya mamaye koyarwa: mai aikawa, saƙo, hanya, hayaniya, mai karɓa. An tsara shi ne domin wayar tarho, kuma Shannon ya faɗa a fili cewa ma'ana ba ta cikin lissafinsa. Duk da haka an daɗe ana koya wa shugabanni cewa matsalar sadarwa toshewar bututu ce kawai. W. Charles Redding na Jami'ar Purdue, wanda ake ɗauka uban wannan fanni a Amurka, ya mayar da hankali ga mai karɓa: saƙon da mutum zai yi aiki da shi, shi ne wanda ya gina a kansa. Karl Weick, daga 1969, ya ƙara da cewa ma'aikata suna fahimtar abin da ya faru ne ta hanyar ba juna labarinsa bayan ya faru. James Taylor da abokan aikinsa na Jami'ar Montreal suka kai maganar ƙarshenta: ƙungiya ba ta da wani jiki in ban da hirarraki da rubuce-rubucen da suke haifar da juna. Taro yana haifar da rahoto, rahoto ya zama abin dogaro a taro na gaba.

Inda kimiyyar harshe ta shigo

Ɗalibin da ya karanci J. L. Austin zai gane wannan ra'ayi nan take. Littafinsa na 1962 ya nuna cewa wasu kalamai aikatawa ne: na naɗa ka, na sallame ka, an buɗe taro, an amince. Ma'aikata cike take da irin waɗannan kalamai, kuma kowane yana da sharaɗin wanda ya isa ya furta shi da lokacin da za a furta.

Hatsarin jirgin sama mafi muni a tarihi ya nuna abin da ke faruwa idan aka sami tagwan ma'ana a irin wannan kalami. Ranar 27 ga Maris 1977, a filin jirgin Los Rodeos na tsibirin Tenerife, jirage biyu ƙirar Boeing 747, na KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Mataimakin matuƙin KLM ya faɗa wa mai kula da hasumiya wata jimla ta Ingilishi mai harshen damo: shi yana nufin sun fara gudun tashi, mai hasumiya ya ɗauka suna tsaye a wurin tashi suna jira. Masanin harshe Steven Cushing, a littafinsa na 1994, ya danganta ginin jimlar da tasirin harshen Holanci, harshen uwa na matuƙan. Mai hasumiya ya amsa da kalmar OK, sannan ya ƙara da cewa su dakata sai ya kira su. Amma wannan kashi na biyu ya haɗu da maganar matuƙan Pan Am a kan zango ɗaya na rediyo, bai fito sarai ba. Injiniyan jirgin KLM ya tambaya ko ɗayan jirgin ya riga ya bar titin, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, kuma ba wanda ya sake musa masa. Bayan wannan hatsari aka gyara ƙa'idar magana ta jiragen sama, aka keɓe kalmar tashi ga lokacin ba da izini ko soke shi kaɗai.

Abubuwa uku ne suka haɗu a nan, kuma dukkansu na kimiyyar harshe ne: katsalandan na harshen uwa, kalmar amsawa mai iya nufin na ji ko na yarda, da nauyin baki a gaban babba. Charlotte Linde ta bi diddigin na ukun a wata maƙala ta 1988, inda ta nazarci maganganun da aka naɗa a ɗakin matuƙa. Ta gano cewa na ƙasa sukan sassauta magana idan za su gargaɗi na sama, kuma shawarar da aka sassauta ta fi saurin wucewa ba a yi aiki da ita ba. Ladabi, wanda Brown da Levinson suka fasalta a matsayin kare mutuncin abokin magana, yana da tsadarsa a wurin da ake gaggawa.

Asibitoci sun ɗauki darasin. Takardar binciken tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ta tanadi cewa kafin a fara yanka, kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa, a kuma tabbatar da sunan majiyyaci da wurin da za a yanka da babbar murya. A gwajin da aka yi a asibitoci takwas na ƙasashe dabam-dabam, wanda aka buga sakamakonsa a 2009, mace-macen bayan tiyata sun sauko daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa kashi 0.8. Babban abin da takardar ta sauya shi ne tsarin magana: wanda ya riga ya buɗe baki ya faɗi sunansa ya fi samun ƙarfin halin sake buɗewa idan ya ga kuskure.

Masana walwalar harshe su ma sun shiga ofisoshi da na'urar naɗar murya. A Faransa, cikin shekarun 1980, Josiane Boutet da Anni Borzeix da Béatrice Fraenkel da wasu suka kafa gungun bincike a kan harshe da aiki. A Jami'ar Victoria ta Wellington a ƙasar Niyu Zilan, Janet Holmes ta soma wani shiri a 1996 inda ma'aikata da kansu suke naɗar hirarrakinsu na yau da kullum. Sakamakon ya nuna cewa gaisuwa da raha da ƴar hirar bakin ƙofa, waɗanda shugabanni suke ɗauka ɓata lokaci, su ne suke sauƙaƙa ba da umurni da ƙin yarda ba tare da an ɓata ba. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, amma an tabbatar da shi da hujjar da aka naɗa aka rubuce.

Yadda karatun yake gudana daga nesa

Karatu daga nesa ya girmi intanet da fiye da ƙarni guda. A 1840 Isaac Pitman yana koyar da gajeren rubutu ta gidan waya a Ingila. Jami'ar Landan ta buɗe jarrabawarta ga ɗaliban waje a 1858, Jami'ar Afirka ta Kudu ta koma koyarwa daga nesa a 1946, aka kafa Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila a 1969. Nijar ma tana da nata tarihin a wannan fage: ƙungiyoyin sauraron rediyo sun fara a 1962, talabijin ta makaranta kuma a 1964. Senegal ta kafa jami'arta ta intanet a 2013.

A Amurka, digiri na biyu a wannan fanni yakan ƙunshi darussa goma zuwa goma sha biyu, kuma jami'o'i irin su Purdue da Johns Hopkins suna bayar da digirin sadarwa gaba ɗaya ta intanet. A ƙasashen da ke amfani da Faransanci, fannin yana ƙarƙashin kimiyyar labarai da sadarwa, yana kuma bin tsarin lisansi, mastar, doktora da muka sani. Darussan sun yi kama da juna: ra'ayoyin masana, dabarun bincike, shugabanci, sasanta rikici, sadarwa a lokacin annoba ko hatsari, tafiyar da sauyi, sadarwa tsakanin al'adu, da binciken lafiyar sadarwar ma'aikata, inda ɗalibi yake bin sawun saƙo guda ya ga wa ya samu, ta wace hanya, cikin kwana nawa, kuma da wace ma'ana. A ƙarshe akwai kundi ko aikin kammalawa, wanda galibi a ma'aikatar ɗalibin ake yinsa.

Koyarwar iri biyu ce. Akwai wadda malami yake ajiye bidiyo da karatu da tambayoyi, ɗalibi ya shiga lokacin da ya samu sarari, ya rubuta amsarsa, ya kuma yi sharhi a kan amsoshin abokansa kafin ƙarshen mako. Akwai kuma wadda ake haɗuwa kai tsaye a ƙayyadadden lokaci. Bambancin ba ƙarami ba ne ga mazaunin Nijar. Darasin ƙarfe bakwai na yamma a New York ko Montreal yana faɗawa ƙarfe ɗaya na dare a Yamai daga Nuwamba zuwa Maris, ƙarfe goma sha biyu na dare a sauran watanni. Da Faransa kuwa tazarar ba ta wuce awa guda. Darasin kai tsaye yana cin kuɗin intanet mai yawa, kuma ɗaukewar wuta tana nufin an rasa shi, alhali wanda aka ajiye ana iya sauke shi a lokacin da layi ya yi kyau.

Lissafin lokaci shi ne abin da talla ba ta cika ambata ba. A ma'aunin Turai, kiredi ɗaya yana daidai da awa 25 zuwa 30 na aikin ɗalibi, mastar kuma kiredi 120 ce. Ke nan aƙalla awa 3,000. Wanda yake son gamawa cikin shekara biyu sai ya ba karatun kusan awa 30 a kowane mako ba tare da hutu ba, a kan awa 40 na aikinsa. Wanda zai iya ba da awa 15 kaɗai yana bukatar mako 200, wato kusan shekara huɗu. Shi ya sa wasu jami'o'in suke shimfiɗa shekara ɗaya a kan biyu ga ma'aikata, kuma dokar Faransa ta 2002 ta ba da damar a lissafa gogewar aiki a madadin wani ɓangare na karatu.

Michael Moore, masanin ilimi daga nesa, ya nuna cewa nisan da ke cutar da ɗalibi ba na kilomita ba ne. Yana ƙaruwa idan tsarin darasi ya yi tsauri kuma tattaunawa da malami ta yi ƙaranci, yana raguwa idan malami yana amsawa yana gyara. Ɗalibin da ke cikin ɗakin lacca mai mutum dubu yana iya fin wanda ke Tawa nisa da malaminsa, idan na Tawa yana samun gyaran aikinsa kowane mako. Akwai kuma wata fa'ida ta musamman ga wannan fanni: ajin intanet shi kansa ƙaramar ƙungiya ce. Ɗalibai huɗu da ke ƙasashe huɗu, waɗanda aka ba aikin haɗin gwiwa, za su ɗanɗani duk abin da suke karantawa. Richard Daft da Robert Lengel sun nuna a 1986 cewa al'amari mai ruɗani yana bukatar hanya mai wadatar alamu kamar ido da ido, al'amari bayyananne kuma rubutu ya ishe shi. Wanda ya taɓa ƙoƙarin sasanta saɓani ta gajeren saƙon WhatsApp ya riga ya san gaskiyar wannan.

Giɓin da manhajojin suka bari

An gina mafi yawan waɗannan ra'ayoyi a ma'aikatun da shugaba da ma'aikaci da abokin hulɗa suke magana da harshe ɗaya, kuma da shi ake rubutu. Inda manhajar ta taɓo yawan harsuna, takan ɗauko misalin manyan kamfanoni, kamar Rakuten na Japan da ya mayar da Ingilishi harshen aikinsa a 2010, ko dokoki irin na Kebek na 1977 da na Faransa na 1994 da suka kare haƙƙin ma'aikaci na yin aiki da Faransanci. Halin ofishin Nijar dabam yake. Ya fi kusa da abin da Charles Ferguson ya fasalta a 1959, Joshua Fishman ya faɗaɗa a 1967: harsuna sun raba aiki, ɗaya yana riƙe da takarda da hatimi, sauran suna riƙe da baki.

A ɗauki misali. Takardar umurni ta fito daga ma'aikatar lafiya da Faransanci. Likitan gunduma ya karanta ta a taro, ana tattaunawa ana surka Faransanci da Hausa. Shugaban ƙaramin asibiti ya koma ya yi wa ma'aikatan sa-kai bayani da Hausa zalla. Su kuma suka kai wa maigari, maigari ya sa mai shela ya zaga. Kafin saƙon ya isa kunnen uwar da ke goye da yaro, an fassara shi sau uku ko huɗu, ba a rubuta ko ɗaya daga cikin fassarorin ba, kuma ba wanda aka horar ko aka biya domin wannan aiki. A zanen Fayol waɗannan matakai ne na iko. A idon masanin harshe kowane mataki tafinta ne, kuma tarihin mulkin mallaka ya koya mana irin ƙarfin da ke hannun tafinta.

Fassarar ba ta wucewa lafiya ƙalau. Tun 2006 Nijar ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara biyar kuɗin magani. Kalmar da ta fi sauƙin zuwa baki ita ce kyauta. Amma kyauta a Hausa tana da mai bayarwa, tana jawo godiya, kuma ba a tuhumar wanda bai bayar ba. Abin da takardar take nufi haƙƙi ne da hukuma ta ɗauki nauyin biya. Uwar da aka ce mata kyauta ce, da wadda aka ce mata haƙƙin ɗanta ne, ba za su tsaya iri ɗaya a gaban ma'aikaci ba ranar da aka ce magani ya ƙare.

Haka kuma kalmar to. Idan shugaba ya ba da umurni aka amsa masa da to, ƙila an yarda, ƙila an ji kawai, ƙila kuma an rufe zancen ne cikin ladabi. Tsawon wasali da karin sauti da abin da ya biyo baya su ne suke bambancewa. Wannan ita ce matsalar OK ta Tenerife cikin rigar Hausa. Ƙari a kan haka, kalamai irin su ana dubawa, sai yadda hali ya yi, da in Allah ya yarda, kowane yana da ma'anar da ƴan gida suka sani, baƙon shugaba kuma ya rubuta a rahotonsa cewa an amince. Sauya harshe a tsakiyar taro ma aiki yake yi. Shugaban da ya bar Hausa ya koma Faransanci sau da yawa yana sanar da cewa shawara ta ƙare, hukunci ya fara. Wanda ya sauko daga Faransanci zuwa Hausa yana neman a taimake shi a matsayin ɗan'uwa. Ma'aikacin da Faransancinsa bai yi ƙarfi ba yakan yi shiru a taro ko da shi ya fi kowa sanin matsalar, sai a ɗauki shirunsa a matsayin yarda. Sharaɗin farko na Barnard ya faɗi ke nan, ba tare da kowa ya lura ba.

Ba a fara daga fili ba. Cibiyar bincike ta LASDEL, wadda aka kafa a Yamai a 2001, ta daɗe tana nazarin yadda ma'aikatun gwamnati suke gudana a zahiri. Littafin da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka shirya a 2003 ya duba hulɗar ma'aikatan lafiya da marasa lafiya a manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai. Olivier de Sardan ya kuma bambanta ƙa'idojin takarda da ƙa'idojin da ma'aikata suke bi a aikace. Wannan aiki ne na masana halayyar al'umma. Abin da masanin harshe zai ƙara shi ne maganar kanta: a naɗe ta, a rubuce ta bisa ƙa'idar rubutun Hausa, a nuna wa ya karɓi magana daga wa, a wane gurbi aka sauya harshe, da wace kalma aka fassara wace.

Kafin a biya kuɗin rajista

Ma'aikacin da yake tunanin shiga irin wannan karatu ya kamata ya binciki abubuwa kaɗan tun da wuri, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Na farko shi ne matsayin takardar. A Faransa akwai bambanci tsakanin mastar ta ƙasa da takardar da jami'a ko makaranta mai zaman kanta take bayarwa da sunanta kaɗai, ko da sunayen sun yi kama. A Amurka ana duba ko wata hukumar tantancewa da aka amince da ita ta tantance jami'ar. A yankinmu, majalisar CAMES, wadda aka kafa a 1968 mai mazauni a Wagadugu, tana da shirin amincewa da takardun digiri. Ma'aikacin gwamnati kuma ya tambayi sashen kula da ma'aikata, a rubuce, ko takardar za ta shiga lissafin ƙarin matsayi.

Na biyu shi ne malami: mutum nawa yake kula da su, cikin kwana nawa yake mayar da aikin da aka gyara, kuma wa zai duba kundi. Na uku, wanda ya fi shafar batunmu: shin za a yarda ɗalibi ya kawo bayanan da aka naɗa da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci, ya fassara su, ya gina kundinsa a kansu? Shirin da ya ƙi wannan zai mayar da ɗalibi mai haddar misalan kamfanonin da bai taɓa gani ba.

Binciken mutum a wurin aikinsa yana da riba da haɗari. William Labov ya nuna cewa mai bincike yana son jin yadda mutane suke magana idan ba a kallonsu, alhali sai ya kalle su zai ji. Ɗan gida ya fi baƙo sauƙin tsallake wannan tarko, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma wanda aka naɗa abokin aiki ne, wani lokaci na ƙasa da mai binciken, wanda zai ji nauyin cewa a'a. Dole a nemi izinin ma'aikata da yardar kowane mutum, a sauya sunaye, a kuma tabbatar cewa abin da aka naɗa ba zai koma hannun shugaba ya zama hujjar ladabtarwa ba. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, kuma muryar mutum tana cikin abin da ya kamata a kiyaye.

Kammalawa

Karatun sadarwa a wurin aiki ta intanet yana ba ma'aikaci abu mai amfani: kalmomi da dabarun da zai fasalta abin da yake gani kullum bai taɓa sa masa suna ba. Darajarsa tana ga wanda ya karanta ra'ayi da dare ya gwada shi a ofis da safe. Sai dai ra'ayoyin sun zo da zaton harshe ɗaya, kuma ma'aikacin Nijar da ya gwada su da gaskiya zai ci karo da wannan zato tun makon farko.

A nan sassanmu na kimiyyar harshe suke da abin bayarwa. Ɗalibin mastar da yake neman batun kundi yana iya bin takardar umurni guda daga ofishin gwamna zuwa bakin mai shela, ya rubuta kowace fassara da ta samu a hanya. Wani ya tattara kalmomin aiki da ma'aikatan lafiya ko na gona ko na banki suka riga suka ƙirƙira da Hausa, kafin a zauna ƙirƙiro musu wasu daga sama. Wani ya nazarci to da ire-irenta a tarurruka goma. Idan za a ba Hausa ƙarin gurbi a ofisoshin ƙasa, waɗanda za su tsara hakan suna bukatar sanin aikin da take yi a can tun yanzu, kuma wannan sani sai an shiga ofis da na'urar naɗar murya da takardar neman izini ake samunsa.